Wa ke gwada mai shara? Tarihin Git daga bakin kanal ɗin Kura

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da kuma masu son karatu a nitse. Shirin yau na tarihin manhaja ne, amma daga Kura za mu taso. Ku ɗan yi haƙuri da ni, za ku ga inda zancen ya dosa.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san abin da zan faɗa. Ka baro gari ko'ina ya bushe ƙamas, kana isa wajen Kura da Kadawa sai ka ga duniya ta koma kore shar: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara. Ruwan nan daga dam ɗin Tiga yake tahowa, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba inji ke turo shi ba, gangara ce kawai. Ya biyo babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya shiga gonar mutum a Kura ko Bunkure ko Garun Malam. Hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko na aikin, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi.

To amma ruwan gangara yana da sharaɗi guda: sai hanya a buɗe take. Laka tana taruwa a ƙasan kanal kaɗan-kaɗan, kachala ta fito ta cushe, ruwa ya rage gudu. Na kusa da bakin ƙofa ba ya jin komai. Na can ƙarshen layi shi ne zai wayi gari ya ga shukarsa tana yaushi. Shi ya sa ko shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, babban abin da ya zo yi a nan shi ne gyaran abin da ake da shi da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kowa ya san sunan wanda ya gina dam. Wanda ya shiga kanal da shebur ya yashe shi fa? Kuma aikinsa yana da haɗari ta fuska biyu: in bai yasa ba ruwa ya tsaya, in ya zafafa haƙa ya fasa gefen kanal ruwa ya tsiyaye a banza.

A cikin kwamfutar duk wanda ke rubuta manhaja akwai irin wannan ma'aikacin. Labarinsa za mu bayar yau, da labarin yadda aka koyi gwada shi.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne: masu rubuta manhaja suna da wata manhaja da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi, wa ya yi, yaushe, me ya canza, ta yadda in an yi ɓarna za a iya komawa baya. Abin ya daɗe. Marc Rochkind ya rubuta SCCS a Bell Labs a 1972, Walter Tichy ya fito da RCS a 1982, CVS ta biyo baya, sannan Subversion wadda aka fara a 2000. Wadda ta mamaye duniya yau ita ce Git. Kuma don Allah, Git daban, GitHub daban. GitHub shafi ne na kamfani da ake ajiye rumbunan Git a kai, a 2008 ya buɗe.

Git rikici ne ya haife ta. Daga 2002 masu aikin Linux suna amfani da wata manhajar kuɗi mai suna BitKeeper, wadda mai ita Larry McVoy ya ba su kyauta bisa sharuɗɗa. A 2005 aka samu saɓani bayan Andrew Tridgell ya binciko yadda take magana da sabarta, kamfanin ya janye kyautar. Linus Torvalds ya zauna ya rubuta tasa cikin 'yan kwanaki. Ranar 7 ga Afrilun 2005 Git ta adana rubutun kanta a karon farko. Ku riƙe wannan ranar, za ta dawo mana ta wata hanya mai ban dariya. Ranar 26 ga Yulin shekarar Linus ya miƙa ragamar ga wani injiniya ɗan Japan, Junio Hamano, kuma har yau shi ke riƙe da ita.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun kafin a ba shi ragamar, a watan Mayun 2005, Git tana da wata ɗaya da 'yan kwanaki a duniya, Junio ya turo tsarin gwaji mai sarrafa kansa. Folda ce mai suna t kawai, harafi ɗaya. Kowane gwaji yana da take da aka rubuta da yaren mutane, misali a ce kaza ya kamata ya faru idan an yi kaza, sai umarnin da za su tabbatar da hakan a ƙasa. Kowane fayil na gwaji yana gina wa kansa sabon rumbu a wata foldar wucin gadi da suke kira foldar shara, ya yi abin da zai yi a ciki, ba ya taɓa kayan kowa. Yau fayilolin nan sun kai kusan dubu.

Yanzu bari mu zo kan mai shara. Duk lokacin da ka ajiye gyara, Git tana rubuta 'yan ƙananan gutsattsari, kowanne da lambar shaidarsa da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Ka ɗauke su kamar zangarniyar dawa a warwatse a masussuka. In sun yi yawa komai sai ya yi nauyi. Maganin shi ne a tattara su a ɗaure dami, a matse, a zubar da waɗanda babu wani reshe na tarihi da ke nuni gare su. Umarnin da ke wannan aikin sunansa git gc, wato kwasar shara. Marigayi Shawn Pearce ne ya rubuta shi, ya fito a sigar 1.5.0 a Fabrairun 2007. Daga baya aka sa shi yana tashi da kansa, ba sai ka kira shi ba.

Kun ga inda matsalar take ko? Manhajar da aka ƙirƙira don kada komai ya ɓace, ga shi an saka mata ma'aikacin da aikinsa gogewa ne, kuma yana aiki lokacin da ba ka kallo. In wani umarnin ya yi kuskure za ka gani nan take a allo. In mai shara ya yi kuskure, sai bayan wata uku, ranar da ka je neman tsohon aikinka, sannan ka tarar babu. Kamar na ƙarshen layi a Bunkure ne, labari ba ya iso masa sai shuka ta fara yaushi.

Don haka suka sa masa takunkumi na lokaci. Gutsuren da ba a nuni gare shi ba za a goge shi ba sai ya yi mako biyu. Littafin da ke tuna inda rassanka suka taɓa tsayawa yana riƙe bayani kwana 90, na abin da aka riga aka yar kuma kwana 30. Madalla. Amma ta yaya za ka gwada dokar mako biyu? Ka kunna gwaji ka tafi sai bayan sati biyu ka dawo? Abin da suka yi shi ne, suka rubuta wani ɗan ƙaramin kayan aiki da ke canza kwanan watan fayil, ya sa sabon gutsure ya zama kamar ya wuce mako biyu. Sai gwajin ya nuna gefe biyu: wanda bai cika mako biyu ba yana nan, na bayan mako biyu ya tafi. Gefen farkon nan shi ya fi muhimmanci a wurina. Gwajin da ya tsaya a "an share" bai yi rabin aiki ba. Ko wuta ma tana sharewa. Abin tambaya shi ne me aka bari.

Kuma agogon ma ba na gaskiya suke amfani da shi ba. Gwajin da ya dogara da agogon bango yau ya ci, gobe ya faɗi, ba tare da an canza komai ba. Sai suka tsayar da lokaci a lamba ɗaya, 1112911993, duk ajiyar da gwaji ya yi a ƙara daƙiƙa 60. In ka juya wannan lambar zuwa kwanan wata, 7 ga Afrilun 2005 za ta ba ka, daidai daƙiƙar da Linus ya yi ajiyarsa ta farko. Wato a cikin gwaje-gwajen Git, kullum ranar haihuwarta ake.

Ga labarin da na fi so a duk shirin nan. Ta yaya mai shara yake sanin lokacin tashi ya yi? Ƙa'idar ita ce idan warwatsattsun gutsattsari sun haura kimanin 6,700. Amma ƙirga su duka a kowane lokaci ɓata lokaci ne. Git tana rarraba su a folda 256 bisa haruffa biyun farko na lambar shaidarsu, kuma rabon yana tafiya kusan daidai wa daida. Sai aka ce a leƙa folda ɗaya tak, mai lamba 17, in abin da ke ciki ya wuce 27 to sauran ma sun cika. Irin dabarar mai sayen shinkafa ce a kasuwar Kura: ba ya zazzage buhu, ɗan kaɗan yake ɗiba ya duba a tafin hannu.

To mai rubuta gwaji ya shiga uku. Yana so ya sa mai shara ya tashi, dole sai ya samar da gutsattsarin da lambarsu ta fara da 17, alhali ba kai ke zaɓar lambar ba, lissafi ke fitar da ita. Sai wani ya lalubo cewa lambobin 263 da 410, in aka ajiye su ta hanyar da gwajin ke ajiya, suna faɗawa foldar 17. A fayil ɗin t6500 za ka tarar da su. Yanzu ka yi tunanin ka zo bayan shekara biyar ka ga 263 da 410 tsirara, babu bayani. Za ka ce shirme ne, ka canza su zuwa 1 da 2 don su yi kyau. Kuma ga masifar: mai shara ba zai tashi ba sam, gwajin da ke duba cewa bai yi ɓarna ba kuma zai iya ci gaba da cewa lafiya lau. Abin da ya tsare wannan shi ne layi uku na bayani da aka rubuta a saman lambobin, da ke faɗin dalilin zaɓensu. Layi uku kacal.

Wannan cutar, gwajin da ke cewa lafiya alhali bai duba komai ba, ta daɗe tana bin Git. Gwaje-gwajen jerin umarni ne da ake haɗawa da alamar && a ƙarshen kowane layi, ma'ana kar a wuce gaba sai na baya ya yi nasara. In ka manta alamar a layi ɗaya, duk abin da ya gabace shi zai iya faɗuwa ba wanda ya sani, domin sakamakon ƙarshe kawai ake kallo. A 2015 Jeff King ya kawo wata dabara: kafin a gudanar da gwaji na gaskiya, a liƙa masa wani umarni a gaba da ke faɗuwa da gangan da lamba 117. In sarƙar a haɗe take, 117 ɗin za ta fito a ƙarshe. In wata lamba ta fito, akwai inda sarƙa ta tsinke. Da aka kunna shi sai ga tsinkakkun wurare birjik a gwaje-gwajen da aka shekara ana yarda da su. Eric Sunshine ya faɗaɗa binciken a 2018, ya sake rubuta shi gaba ɗaya a 2022. Gwaji ya samu mai gwada shi ke nan.

Haka ma idan ana son a tabbatar Git ta ƙi yin wani abu. Ƙin yi iri biyu ne: akwai ta duba ta ce a'a cikin hankalinta, akwai ta faɗi ta mutu a hanya. A idon gwajin da aka rubuta da garaje duk ɗaya ne. Shi ya sa suke da test_must_fail, wanda ke karɓar na farko ya ƙi na biyu.

A Fabrairun 2017 masana daga Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu mabambanta masu lambar shaida iri ɗaya a tsarin SHA-1, tsarin da Git da Subversion suka dogara da shi. Wani mai aiki a WebKit, injin da ke ƙarƙashin burauzar Safari, ya ɗora fayilolin biyu a rumbunsu na Subversion da niyyar rubuta gwaji da su. Rumbun ya cije, aiki ya tsaya wa kowa. Niyya mai kyau, amma kayan gwajin sun taɓa rumbun gaske. A ɓangaren Git kuma, shirin komawa SHA-256 ya tono wani tsohon bashi: ɗimbin gwaje-gwaje an rubuta lambobin shaida masu harafi 40 a cikinsu kai tsaye. brian m. carlson, haka yake rubuta sunansa da ƙananan haruffa, ya kwashe shekaru yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Har 263 da 410 ɗinmu sai da aka nemo musu takwarori a sabon tsarin, kuma bayanin nan na layi uku shi ya gaya wa mai gyara abin da zai nema.

A shekarar 2017 ɗin dai Microsoft ta sanar da cewa ta mayar da rubutun Windows kan Git: fayil kusan miliyan uku da rabi, girman rumbu wajen gigabait 300, injiniyoyi kusan 4,000. A irin wannan rumbun git gc ya zama kamar a ce za a rufe babban kanal gaba ɗaya a yashe shi daga Tiga har ƙarshe, duk lokacin da laka ta ɗan taru. Ba zai yiwu ba. Derrick Stolee, injiniya a Microsoft, ya jagoranci kawo sabon umarni, git maintenance, wanda ya fito a sigar 2.29 a Oktoban 2020. Maimakon gagarumar shara sau ɗaya, sai aka yanka aikin ƙanana-ƙanana: wani duk awa, wani kullum, wani mako-mako. Sigar 2.30 ta zo da damar sa shi a jadawalin kwamfuta ta cron, 2.31 ta ƙara na macOS da Windows, 2.34 ta ƙara systemd. Wata 'yar shawara a gefe ga namu na nan gida: cikin ayyukan duk awa akwai wanda ke jawo sababbin gyare-gyare daga intanet tun kafin ka nema. In da datar waya kake aiki, ka san da shi kafin ka kunna.

Gwaje-gwajensa suna fayil ɗin t7900, kuma in kana koyon rubuta gwaji, ka je ka karanta na aikin tattara gutsattsari. Aikin da gangan aka yi shi hawa biyu, saboda kada a janye wa wani umarnin da ke tsakiyar aiki tabarma. Zagayen farko a ɗaure dami amma a bar warwatsattsun a inda suke. Sai zagaye na gaba a goge waɗanda aka tabbatar suna cikin dami. Gwajin ma haka yake tafiya: ya kira aikin sau ɗaya, ya duba dami ya samu kuma ba a goge komai ba, ya sake kira, ya duba an goge kuma ba a ɗaura sabon dami ba. Ko ba ka taɓa ganin rubutun C na Git ba, kana gama karanta gwajin ka fahimci dokar.

Sai batun jadawali, wanda ya fi kowanne haɗari. Umarnin git maintenance start yana rubutu ne a jadawalin kwamfutarka na gaske, wajen foldar sharar da gwaji ke wasa a ciki. Da an bar shi haka, duk wanda ya gudanar da gwaje-gwajen Git zai tashi da wani aiki da ke kunna kansa duk awa a injinsa har abada, yana neman rumbun da aka riga aka goge. Sai suka yi jadawalin bogi: gwaji ya ce wa Git ga mai tsara lokacinka, alhali fayil ne kawai da za a karanta daga baya a ga me aka rubuta. Sannan a tushen tsarin gwajin suka toshe ƙofar baki ɗaya, ta yadda gwajin da ya manta bai kawo na bogi ba faɗuwa zai yi, ba zai kai ga na gaske ba.

Akwai wuri ɗaya da nake da ja. Da yawa daga gwaje-gwajen t7900 suna amfani da test_subcommand, wanda ke karanta rajistar abin da Git ta yi ya tabbatar ta kira umarni kaza da zaɓuɓɓuka kaza. Yana da sauri, yana da sauƙin karantawa, kuma wani lokacin babu wata hanyar, musamman in ana son nuna cewa ba a kira wani abu ba. Amma wannan tambayar mai gadin ƙofa ce: ka buɗe? Ya ce na buɗe, ga shi a littafi. Manomin ƙarshen layi ba littafi ya dame shi ba, ruwa yake son gani a kwalin shinkafarsa. Gwaji irin wannan zai iya faɗuwa don kawai an sauya jerin zaɓuɓɓuka alhali aiki lafiya yake, kuma zai iya ci alhali umarnin da aka kira bai tsinana komai ba. Ni dai in ni ke duba aikin wani, in na ga ya tambayi mai gadi, zan ce ya ƙara ko layi biyu ne da za su taka har gona: gutsuren nan da muka ajiye, har yanzu ana iya karanta shi?

Mai son gani da idonsa, rubutun Git a buɗe yake ga kowa. Ka sauko da shi, ka gina shi da make, ka shiga foldar t, ka kira t7900-maintenance.sh da -v don ya nuna maka duk abin da yake yi, da -i don ya tsaya a faɗuwar farko. Sannan ka yi abin da na fi so: ka je t6500 ka canza 263 zuwa wata lambar, ka sake kunnawa, ka ga me zai faru. Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani a ƙarƙashin wannan rubutun.